Zama biyu a takardar sakandare da maki 238 a JAMB: za a iya samun Famasi?

Kawun Safiya ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shiga jami'a, musamman fannin harhaɗa magunguna, wato Famasi. 'Yar ƙanwata ce da ke hannuna take son wannan kwas, kuma ga yadda takardunta suke.

A WAEC tana da C6 a Turanci, B3 a Lissafi, B3 a Kemistiri, B2 a Bayoloji, amma Fiziks ya zo da D7. A NECO Fiziks ɗin ya fito da C5, sai dai Turanci ne kuma ya faɗi D7. A JAMB ta samu 238, ta zana Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. 'Yar jihar Katsina ce, shekarunta 17, kuma ABU Zariya ta sa a zaɓin farko.

Abin da nake son sani: shin haɗa takardun biyu zai wadatar? Wannan makin zai kai ta? Sannan wani ya ce mana idan ba ta samu ba, ta karɓi Famakoloji ko Bayokemistiri, daga baya a mayar da ita Famasi. Wani kuma ya ce ta fara zuwa makarantar koyon aikin lafiya ta yi kwas ɗin mataimakan masu haɗa magani, daga can ta tsallaka jami'a. Wanne ne gaskiya a ciki? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam Kawu. Sharaɗin da ke rubuce shi ne kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da makaranta ta ce yaro ya wuce. Ba a musanya Bayoloji da Kimiyyar Noma a wannan kwas, ko da yake wasu kwasa-kwasan noma suna karɓar hakan, kuma nan ne yara da yawa suke faɗawa. Saboda haka Safiya ba ta da takarda ɗaya da ta cika biyar. WAEC ɗinta ta rasa Fiziks, NECO ɗinta ta rasa Turanci. Idan aka haɗa su biyun sun cika, amma sunan wannan zama biyu.

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada a wuce zama biyu, to amma kowace jami'a tana da ikon tsaurara nata sharaɗin, kuma Likitanci da Famasi su ne kwasa-kwasan da aka fi cewa sai zama ɗaya. Kada ka dogara da maganar mai shagon kwamfuta a kan wannan. Ka buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB da ke shafinsu, wanda suke kira IBASS, ka nemo Famasi, ka karanta layin ABU na shekarar da ta nema, sannan ka karanta sanarwar tantancewar da jami'ar ta fitar da kanta. Idan biyun suka saɓa, a yi aiki da wanda ya fi tsauri. Ko a inda aka yarda da zama biyu ma, akwai jami'o'in da suke ba wa kowane darasi maki gwargwadon darajarsa, A1 ya fi B3, B3 ya fi C6, wasu har su rage wa mai zama biyu wani abu. Da C6 da C5 a cikin biyar ɗinta, ta riga ta bar maki a baya tun kafin a fara lissafi.

Darussan JAMB ɗinta daidai suke, wannan kam babu matsala. Shekarunta ma sun wuce 16 da ake nema.

Sai batun 238. Makin da JAMB take sanarwa kowace shekara, kamar 140 a 2024 da 150 a 2025, shi ne mafi ƙarancin abin da jami'a za ta iya ɗaukar ɗalibi da shi a kowane kwas. Ba shi da alaƙa da Famasi. Haka ma makin da jami'a take sawa don a sayi fom ɗin tantancewa, izinin shiga layi ne kawai. Ainihin makin Famasi ba a yanke shi tun farko, yana fitowa ne bayan an jera masu nema daga sama zuwa ƙasa an ƙirga iya kujerun da ake da su, inda kujera ta ƙare nan makin ya tsaya. Shi ya sa yake motsi shekara zuwa shekara, kuma duk wanda ya rantse maka da wata lamba tun kafin a yi tantancewa, hasashe yake yi. 238 maki ne mai kyau idan aka duba cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zana a 2025 ba su kai 200 ba, amma masu neman Famasi daga cikin na saman nan suke fitowa, har da waɗanda Likitanci ya ƙi suka juyo.

Kujerun kuwa ba jami'a kaɗai ke yanke yawansu ba. Hukumar PCN, mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Najeriya, ita ke ba kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta. A jami'o'in tarayya ana raba kujerun ne kashi 45 ga cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Katsina tana cikin na biyu da na uku a ABU. Sai dai kada wannan ya sa ka saki jiki, domin Kano da Kaduna da Jigawa da Zamfara da Sakkwato duk suna cikin jerin, wato yawancin waɗanda take takara da su suna da irin wannan dama.

Inda har yanzu take da abin yi shi ne jarrabawar tantancewa, idan ana yin ta a shekarar. Wata hanyar lissafi da jami'o'i da dama suke bi ita ce a raba makin JAMB da 8, a raba na tantancewa da 2, a haɗa. Ɗauki 238 ÷ 8, ya ba da 29.75. Idan ta ci 70 a tantancewa, rabinsa 35, jimla 64.75. Wani mai 270 yana da 33.75, amma idan ya ci 56 kawai, rabinsa 28, jimlarsa 61.75. Ta wuce shi ke nan da maki uku duk da ya fi ta 32 a JAMB. ABU na iya amfani da wani lissafin daban, amma ka ga inda nauyin yake.

Abubuwan da suke hana yara gurbi ba tare da sun faɗi komai ba su ne waɗannan, kuma a duba su cikin makon nan. A ɗora sakamakon WAEC da NECO duka biyun a kan CAPS, shafin da JAMB ke fitar da gurbin shiga jami'a, a cibiyar da JAMB ta amince da ita. Wanda ya yi rajista da cewa yana jiran sakamako, bai koma ya ɗora ba, jami'a ba za ta iya tura sunansa ba ko nawa ya ci. A gwada suna da ranar haihuwa da ke kan NIN da na takardun jarrabawa harafi da harafi: Safiya a nan, Safiyya a can, ko Muhammad da Mohammed, ya isa ya tsayar da mutum ranar tantance takardu. Lambar wayar da aka yi rajista da ita kada ta ɓace. Idan kuma gurbi ya fito a CAPS, a karanta sunan kwas ɗin kafin a danna karɓa, don da zarar an karɓa an rufe sauran ƙofofin na wannan shekarar.

Shawarata, ko ta samu ko ba ta samu ba, a yi mata rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO ta ƙarshen shekara, ta nemo biyar ɗin a zama ɗaya. Kuɗinta bai kai asarar shekara guda ba.

Hajiya Famasist ta amsa:

Malam ya gama da batun takardu. Ni kan shawarwarin nan biyu da aka ba ka zan yi magana, Kawu, don su ne suka fi cin shekarun yara.

Famakoloji ba Famasi ba ne. Digiri ne na kimiyya na shekara huɗu a kan yadda magani yake aiki a jiki, ilimi ne mai kyau, amma PCN ba ta yi wa mai shi rajista, ba ta ba shi lasisi, ba zai riƙe sashen magani na asibiti ba, ba zai buɗe shagon famasi da sunansa ba. Haka Bayokemistiri da Maikirobayoloji. Maganar a shiga daga baya a sauya kuwa, tana yiwuwa a takarda, amma ka tuna da adadin kujerun da Malam ya ambata. Sai an samu gurbin da ya rage a aji biyu, sai tsangayar da za a bari ta sake ka, sai wadda za a shiga ta karɓe ka, sai makinka na aji ɗaya ya kai ƙololuwa, kuma akwai jami'o'in da suka rufe sauyi zuwa Likitanci da Famasi gaba ɗaya. Idan Safiya za ta iya zama da Bayokemistiri har ƙarshe cikin daɗin rai, ta karɓa. Idan kuwa don a sauya mata ne kawai, kada ta taɓa.

Kwas ɗin mataimaka da ake yi a makarantun koyon aikin lafiya sana'a ce mai zaman kanta, PCN ce ma take kula da ita, tana ba su izinin aiki a ƙarƙashin famasist. Amma ba matakala ba ce zuwa digirin. Tsangayoyin Famasi da yawa ba sa karɓar wannan takardar don shiga aji biyu, sai mutum ya gama shekarunsa ya dawo ya sake zana JAMB tare da ƙannensa.

Hanyar shiga kai tsaye ta gaskiya, wadda ake kira DE, tana da ƙofofi biyu da aka sani. Ta farko IJMB, wadda ABU take gudanarwa, ko takwararta JUPEB da jami'o'in kudu suka fi amfani da ita. Karatu ne na kusan shekara guda a darussa uku, kuma ga mai son Famasi su ne Kemistiri da Bayoloji da Fiziks. Ana lissafa A maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, sai a ƙara ɗaya ga wanda bai faɗi ko ɗaya ba, ƙarshen abin 16. A Famasi mai C uku ba ya cikin magana, sai wanda ya kusanci saman. Ana yin IJMB a wurare irin su makarantar share fagen shiga jami'a ta ABU da ke Funtuwa, wadda ma a jiharku take, da kwalejin CAS ta Kano. A guji cibiyoyin da ake buɗewa a saman shaguna ana alkawarin maki 15, domin yanzu JAMB tana tantance sakamakon daga tushe kafin ta bar sunan mutum ya wuce. Ƙofa ta biyu ita ce digirin farko mai daraja a fannin da ya danganci Famasi, kamar Kemistiri ko Bayokemistiri. Duka biyun aji biyu ake sa mutum, duka biyun sai an sayi fom ɗin DE na JAMB, kuma babu wadda take yafe kiredit biyar ɗin nan na sakandare.

A nan zan ɗan ƙara a kan maganar Malam. Idan bana ba ta yiwu ba, na fi son ta shiga IJMB ta kuma sake zana JAMB a shekara ɗaya, maimakon ta zauna a gida tana jiran JAMB kaɗai. Kujerun DE kaɗan ne, gaskiya ne, amma Kemistiri da Fiziks ɗin da za ta karanta a IJMB sun fi na JAMB zurfi, za su ɗaga mata maki, kuma su ne dai za ta tarar a aji ɗaya. Sai dai a lura, JAMB ba ta yarda mutum ya yi rajistar UTME, wato jarrabawar JAMB da aka saba, da DE daban-daban a shekara guda ba, don haka a tambayi ofishinsu yadda ake mayar da ɗaya zuwa ɗayan idan sakamakon IJMB ya fito da kyau.

Kuma ba ABU kaɗai ke da Famasi a arewa ba. Akwai Jos, Maiduguri, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Bayero ta Kano, da jami'o'in jihohin Kaduna da Gombe. Na jiha sukan fifita 'yan jiharsu. Kafin a sauya zaɓi zuwa ko'ina, musamman sababbin jami'o'in kuɗi, a tabbatar tsangayar tana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da ta PCN, duka biyun. Ta NUC kaɗai ba ta kai mutum ga rantsuwar zama famasist.

Malam Na Tsangaya ya amsa:

Duk abin da aka faɗa a sama a kan shiga ne. Iyaye da yawa ba su san cewa sunan da ya fito a aji ɗaya bai zama ɗalibin Famasi ba tukuna, sai ya tsallake zuwa aji biyu.

Aji ɗaya kusan duka a tsangayar kimiyya ake yin sa, tare da 'yan Likitanci da sauransu: Kemistiri na gama-gari da na sinadaran kabon, Bayoloji na tsirrai da na dabbobi, Fiziks, Lissafi, da darussan gama-gari irin su Turanci, kowane na kimiyya da aikinsa na ɗakin gwaji. Waɗannan su ne darussan share fage, kuma a yawancin tsangayoyi ba a tsallakawa da bashin ko ɗaya. Ɗalibin wani sashen zai iya ɗaukar darasin da ya faɗi ya tafi da shi gaba, na Famasi kuwa sau da yawa sai a mayar da shi wani kwas. Wasu jami'o'in ma suna ɗaukar fiye da kujerunsu a aji ɗaya, sai su tace a ƙarshen shekara. Don haka ranar da ta shiga, ta nemi littafin dokokin tsangaya ta karanta shafin tsallakawa da idonta.

D7 ɗin nan na Fiziks shi ya fi jan hankalina, ba don takarda ba. Mutane suna mamakin me ya haɗa mai haɗa magani da Fiziks. Ka ɗauki maganin ruwa na yara da aka rubuta a girgiza kafin a sha. Garin maganin ba ya narkewa, yana yawo ne a cikin ruwan, kuma saurin kwanciyarsa a gindin kwalba ya dogara da girman ƙwayoyin garin da kaurin ruwan. Idan aka rage girman ƙwayar da rabi, saurin kwanciyar yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan mai haɗawa bai iya wannan ba, cokalin farko ruwa ne, na ƙarshe kuma magani ya yi yawa. Wannan Fiziks ne tsantsa, kuma a aji biyu da uku za ta same shi.

Lissafin da ake bukata ba mai wuya ba ne, amma ba a yafe kuskure a cikinsa. Misali: yaro mai nauyin kilo 12, an rubuta masa farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, wato miligiram 180. Kwalbar tana da miligiram 120 a kowace mililita 5. Sai a ce 180 ÷ 120 × 5, ya ba da mililita 7.5. Wanda ya ɓatar da ɗigon nan ya rubuta 75 ya ninka wa yaro magani sau goma, kuma hanta ce za ta biya. Ko a ce a haɗa mililita 500 na sifirit mai ƙarfin kashi 70 daga mai kashi 95: 500 × 70 ÷ 95, kusan mililita 368, sai a cika da ruwa zuwa 500. Saboda irin wannan ne makin cin darussan sana'a ya zama 50 maimakon 40 ko 45 na sauran sassa, kuma a tsangayoyi da yawa darasin haɗawa da bayar da magani da na dokokin sana'a sai an ci 60. Wanda ya faɗi kaɗan a ba shi damar sake zanawa, wanda ya faɗi da yawa ya maimaita aji, wanda ya sake faɗuwa bayan maimaici a sallame shi.

A Kemistiri, abin da ke kayar da yara shi ne sun haddace ba su fahimta ba. Kafin ta shiga, ta zauna da lissafin mol, da yadda ake auna ƙarfin asid da alkali, da sunayen sinadaran kabon da rukunoninsu. Idan ta gane mene ne esta, za ta gane dalilin da tsohuwar ƙwayar asfirin da ta sha danshi take warin binega: ruwa ne ya raba ta gida biyu, ɗaya daga ciki shi ne asid ɗin binegar. Tambayoyin aji uku irin wannan tunanin suke nema.

Daga aji biyu za ta yi ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da Bayokemistiri, sannan darussan tsangayar kanta: sarrafa magani zuwa ƙwaya da ruwa da man shafawa, Kemistirin magunguna, ƙwayoyin cuta, aikin magani a jiki, magungunan da ake samu daga tsirrai (filaskon da ake sha don wanke ciki yana cikin abin da za ta duba a madubin ƙara girma), da kula da majiyyaci a asibiti.

Ku tambayi wane digiri ake bayarwa a inda za ta. Tsohon tsari, B.Pharm, shekara biyar ne ga mai JAMB, huɗu ga mai DE. Sabon, Pharm.D, wanda jami'ar Benin ta fara kuma NUC ta amince da shi a 2016, shekara shida ne ga mai JAMB, biyar ga mai DE, kuma ƙarin yawancinsa zagayen ɗakunan majiyyata ne. Tsangayoyi suna ta komawa kansa. Bayan kammalawa akwai rantsuwa, sai horon sanin makamar aiki na wata 12 a wurin da PCN ta amince, sai jarrabawar hukumar kafin cikakkiyar rajista, sai hidimar ƙasa. Mai ɗaukar nauyi ya yi lissafin shekara takwas daga ranar shiga, ban da abin da yajin aiki zai ƙara.

Kawun Safiya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai malamai, Hajiya Allah ya ƙara girma. Na fahimci batun Famakoloji, mun ajiye shi. Saura abu ɗaya. Mahaifinta yana tunanin idan nan ta ƙi, a kai ta Indiya ko Masar, akwai wakilin da ya ce ba a bukatar JAMB kuma ba a duba Fiziks. Akwai kuma ɗan'uwanmu a Amurka da yake cewa a turo ta can. Yaya sharuɗɗan waɗannan suke?

Ɗan Zazzau a Waje ya amsa:

Kawu, JAMB kam gaskiya ne ba a bukatarta a waje. Maganar Fiziks ce zan ce a yi hattara. Jami'ar can tana iya ɗaukarta ba tare da ta duba ba, amma ranar da ta dawo za a kai takardunta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance, NYSC za ta nemi kiredit biyar na sakandare da ba su wuce zama biyu ba, PCN kuma za ta sa ta yi kwas na musamman da jarrabawa da take shirya wa waɗanda suka yi karatu a waje kafin horon wata 12. Wakili ba ya nan a ranar.

A Indiya a kula da sunaye uku masu kama da juna. D.Pharm difloma ce ta shekara biyu, ba digiri ba ce. B.Pharm shekara huɗu. Pharm.D shekara shida, biyar karatu ɗaya horo a asibiti. Haruffa ɗaya ne aka juya tsakanin na farko da na ƙarshe, kuma a takardar gurbi ake ganewa, ba a bakin wakili ba. Masar ta koma tsarin Pharm.D na shekara biyar da ƙarin shekarar horo. Ko'ina za a je, a rubuta wa PCN a tambaya ko tana karɓar takardar wannan jami'ar kafin a biya ko sisi.

Amurka tsarinta daban ne gaba ɗaya. Yawancin makarantu ba a shiga Famasi daga sakandare. Sai an yi aƙalla shekara biyu a jami'a ana tara darussan share fage, da yawa ma digiri suke gamawa tukuna, sannan a nemi Pharm.D na shekara huɗu ta wata kafa guda da ake kira PharmCAS. Abin da aka saba nema shi ne zango biyu na Kemistirin gama-gari da aikin ɗakin gwaji, zango biyu na Kemistirin kabon shi ma da aikin gwaji, zango biyu na Bayoloji, sannan ilimin ƙwayoyin cuta, sassan jiki da aikinsu, Fiziks, Kalkulas, ƙididdiga, rubutun Turanci, iya magana gaban jama'a, wasu har da tattalin arziki da Bayokemistiri. Kowace makaranta da nata jerin. Galibi ba a karɓar darasin da bai kai C ba, wasu ba sa karɓar na kimiyya da ya tsufa, kuma darasin da aka yi ba aikin gwaji a wurin da aka ce sai da shi kamar ba a yi ba ne. Jarrabawar shiga da ake kira PCAT an daina ta tun Janairun 2024, yanzu nauyin yana kan maki da wasiƙun shaida da rubutun dalilin neman kwas da ganawa. Akwai 'yan makarantu masu ɗaukar ɗalibi daga sakandare ya yi shekara shida a jere. Kuɗin kuwa mai yawa ne, kuma ɗalibin waje ba ya samun bashin karatu na gwamnatinsu, sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko kafin a ba shi takardar neman biza.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai sha'awar can ita ce a gama a gida. Hukumar NABP ta Amurka tana tantance famasist ɗin da ya yi karatu a waje, ya ci jarrabawarta da ta Turanci da ake kira TOEFL, ya yi awannin horon da jihar da zai yi aiki a can ta yanka, sannan ya zana NAPLEX, wato jarrabawar samun lasisi, da jarrabawar doka. Sharaɗinta ga duk wanda ya kammala daga 1 ga Janairun 2003 shi ne karatun ya kai shekara biyar. Digirin Najeriya yakan cika wannan, B.Pharm ɗin Indiya na shekara huɗu kuwa ba ya cikawa.

Malamin Kimiyya ya ƙara:

Kawu, tun da maganar ta koma kan Fiziks ta kowace hanya, ga abin da za a gyara kafin jarrabawar ƙarshen shekara. D7 a WAEC sau da yawa daga takardar aikin gwaji yake zuwa, musamman a makarantun da ba su da kayan aiki. Ta masu zaman kansu ba a taɓa kayan gwaji, ana ba da zane ne a auna da rula a cike jadawali. A saya mata tambayoyin shekarun baya na wannan takardar da takardar zana giraf, ta riƙa yin ɗaya kowane mako: ta rubuta ma'auni a kan kowane layin jadawali, ta riƙe adadin lambobin bayan ɗigo iri ɗaya daga sama har ƙasa, ta zaɓi sikelin da zai cinye fiye da rabin takardar, ta fitar da gangaren layi da babban alwatika. A Turanci kuma ta fi ba da ƙarfi ga insha'i da taƙaita labari, nan makin ya fi yawa. Rajistar NECO ta waje da ta WAEC ta biyu duk sukan buɗe ne bayan tsakiyar shekara, a riƙa leƙa shafukansu don kada a rufe.